Tsarabar Kiribi: wa ya san sunan abubuwan nan da yara suka kwaso a bakin teku?

Baban Ummi (Garwa): Assalamu alaikum jama'a. Mun dawo daga Kiribi lafiya, alhamdu lillahi. Ƙanena da ke jan babbar mota daga tashar jiragen ruwa zuwa Ngaundere shi ya matsa sai an kawo yara sun ga teku a hutun Disamba. Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, sannan wata motar ta Edeya. Jiki ya gaya mana, amma gani ya kori ji. To ga abin da ya kawo ni: yara sun cika bokitin fenti da tarkacen bakin ruwa, sun ce tsarabarsu ke nan. Na shanya a tabarma, na sa wa kowane iri lamba daga 1 zuwa 8, hotunan na nan ƙasa. Ummi ta ishe ni da tambayar sunayensu, ni kuwa ban da ƙaguwa ba wanda na sani. Kuma akwai wani wari da ke tashi daga ciki wanda ya hana uwargida sakat. Hajiyarmu ita kuma tana ganin na 1 ta ce a fitar mata da shi daga gida.

Taubashi Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Mutane na zuwa kudu su dawo da manja da busasshen kifi, kai ka biya kuɗin jirgi ka kwaso shara. Sannu da ƙoƙari.

Baban Ummi (Garwa): Kai da ko Lagdo ba ka taɓa zuwa ba, rufe mana baki.

Hajiya Inna (Ngaundere): Barka da dawowa ɗana. Gaskiyar mahaifiyarka ce. Na 1 ɗin nan wuri ne, kuma mun san masu ajiye wuri a ɗaki. Boka da 'yan bori da masu duba. Yaro ƙarami ba ya wasa da irin wannan, balle wanda aka ɗauko a ruwan da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Malam Hamadu (malamin kimiyyar halittu, Marwa): Sannunku da hanya Baban Ummi. Hotunan sun fito da kyau, sai dai yawancinsu bayan abin ka ɗauka, alhali mu bakin muke fara dubawa. Duk da haka zan faɗi abin da na gane.

Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya, na 1 dangin wuri ne, ba musu. Amma ku dubi girmansa kusa da tsabar ɗarin da aka ajiye a gefe, ku dubi launinsa, ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige masu duhu. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ƙarami ne, fari ko mai ɗan rawaya, kuma ba ya rayuwa a tekun Kamaru sam. Daga tekun Indiya ake kawo shi, musamman tsibiran Maldib, daga baya kuma aka riƙa kawo wani irin daga gaɓar Zanzibar. Wannan da Ummi ta tsinta ɗan gida ne, ana samunsa a gaɓar yammacin Afirka tun daga Senegal har Angola, ina kyautata zaton shi ne masana ke kira Trona stercoraria. Dodon koɗi ne na teku. Lokacin da yake raye yakan fito da wata fata mai laushi ya lulluɓe bayansa gaba ɗaya, ita ce ke sa shi sheƙi kamar an goge.

Na 2 shi ya fi burge ni. Faifai fari, a gefe ɗaya yana da yatsu, a tsakiya kuma zane mai reshe biyar. Ba dutse ba ne, ba kuma wani ne ya sassaƙa ba. Ƙashin wata dabba ce, 'yar'uwar tauraron teku da bushiyar teku, duk danginsu jikinsu kashi biyar yake rabuwa. Tana kwance ne cikin rairayi inda ruwa bai da zurfi, jikinta lulluɓe da ƙananan ƙayoyi masu laushi da take motsawa ta binne kanta. In ta mutu ƙayoyin su zube, rana ta farar da abin da ya rage. Mai yatsun nan a gaɓar yammacin Afirka ake saninsa. Ku sa shi cikin auduga a gwangwanin ashana ko na alawa, yatsun saurin karyewa gare su.

Baban Ummi (Garwa): Ikon Allah. Ai biyu sun riga sun karye a jaka. To warin fa, Malam?

Malam Hamadu: Ruwa ba ya tsami banza. Ɗauki na 5 ɗaya bayan ɗaya ka shinshina, waɗannan dogayen masu duhu da ƙayoyi a jiki. Ka haska bakin da fitilar waya.

Baban Ummi (Garwa): Subhanallah. Guda uku akwai wasu ƙafafu a dunƙule can ciki, da ɗan ƙaramin hannu irin na ƙaguwa ya toshe ƙofar.

Malam Hamadu: Shi ne. A aji da Faransanci muna ce masa bernard-l'ermite. Ƙaguwa ce wadda bayanta bai da sulke, laushi gare shi, sai ta nemi katantanwar da mai ita ya mutu ta shige da baya ta riƙa yawo da ita. In ta yi girma ta nemi wadda ta fi. Da an taɓa ta sai ta janye ciki ta yi lamo, yaro ya ɗauka ba kowa. Su suka mutu a hanya. Shi kuwa asalin mai gidan, Tympanotonos fuscatus, a laka yake zama, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, gindin itatuwan nan masu saiwoyi a waje. Wato yaranka sun je bakin wani rafi ko?

Baban Ummi (Garwa): E, ranar da muka je Lobe, inda kogin ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Kilomita bakwai ne ko makamancin haka daga gari. Muna jiran a soya mana jatan lande su kuma suna ta tsince-tsince.

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Haba Baban Ummi, ka zo garin nan ba ka neme ni ba? Da ɗan gari akan ci gari. Na 5 ɗin nan matan nan suna sayar da shi a kwano a kasuwa, su datse ƙarshen da wuƙa su jefa a miya, a tsotse naman ta baki. Na 3 kuma, wannan mai kauri da nauyi mai layi-layi, in aka buɗe shi da rai ruwansa ja ne wur. Ni dai tunda na zo ban taɓa sa ko ɗaya a bakina ba. Kifi da jatan lande na tsaya.

Malam Hamadu: Alhaji ya taimaka. Da wannan bayanin na 3 ya tabbata, Senilia senilis ne. Jan da ka gani jini ne na gaske, yana da sinadarin da ke sa namu ja, abin da ba kasafai ake samu a danginsa ba. Yana taimaka masa rayuwa a laka inda iska ta yi ƙaranci.

Maman Fadil (ma'aikaciyar jinya, Pitowa): Ni tambayata ga malamai, tunda an zo maganar ci. Halal ne? Don a gidanmu ko ƙaguwa ba a ci, an ce ƙazanta ce.

Malam Goni (Kusiri): Bismillah. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce dukkanta, ba a keɓe kifi ba, ba ta kuma bukatar yanka. Hujja ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta farautar teku da abincinta, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa wanda aka tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da alwala da ruwan teku, ya amsa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Hanafawa su ne suka tsaya a kan kifi kawai. Don haka ƙaguwa da jatan lande da na 3 da na 5 duk ba laifi. Wanda ransa bai so ba, ba a tilasta masa, amma kada ya ce haramun ne. Dodon koɗin tudu shi hukuncinsa daban, malamanmu sun haɗa shi da fara, sai an kashe shi da niyya da ambaton sunan Allah.

Maganar wuri kuma, Hajiya, a yi mini afuwa. Halitta ce cikin halittun Allah. In mutum ya rataya shi yana ganin zai kare shi daga baki ko maita, ko ya watsa shi don ya san gaibu, nan ne matsala take, kuma babba. In yarinya ta ajiye a gwangwani tana kallo, ba komai. A zamanin malamai da alƙalan da suka gabace mu, da wurin nan ake biyan sadaki da zakka.

Hajiya Inna (Ngaundere): Allah gafarta Malam, na ji karatu. Amma mu da muka ga jiya mun ga abin da muka gani. In jikata ce ba zai kwana a ɗakina ba.

Abakar (Njamena): Hajiya ku yi haƙuri in sa baki. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ce a kasuwa. Keso guda wuri 20,000 ne. Ku lissafa yawan wurin da ke kwana a ɗakin kowane attajiri a lokacin. A shekarar nan dai ya gangaro har ya ga inda kogin Faro ke shiga Binuwai, yamma da Garwa. Tun kafin shi ma da ƙarni biyar Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci a Maldib ya ga yadda ake tara wurin, ya zo Mali da Gawo ya tarar ana saye da sayarwa da shi.

Hajiya Inna (Ngaundere): Wancan kuɗi ne. Yau wa ke sayen gishiri da shi? Wanda ya rage a hannun mutane ka san aikin da yake yi.

Taubashi Ɗanjuma: Hajiya ta kayar da ɗan jami'a.

Baban Ummi (Garwa): An sasanta a gida. Na 1 zai zauna a shago, cikin durowa. Hajiyarmu ta ce a can ba ruwanta. Malam Hamadu a ci gaba don Allah, Ummi na zaune kusa da ni da littafi tana rubutawa. Ta ce a tambaye ka wa ya huda na 4, don duk ƙananan nan da yawa suna da rami ɗaya a wuri ɗaya, har ta zura zare ta yi sarƙa.

Malam Hamadu: Gaishe ta, ka ce tambayar ɗalibar kirki ce. Ba mutum ba ne. Wata katantanwa ce mai cin nama, tana tafiya ƙarƙashin rairayi. In ta kama irin na 4 sai ta rungume shi da ƙafarta, ta zuba wani ruwa mai narka ɓawon, ta riƙa kankarewa da harshenta wanda ke da jerin ƙananan haƙora, ta huta ta sake, wani lokaci aikin ya ɗauke ta awoyi da yawa. In ramin ya ɓulle ta zura baki ta cinye na ciki. Ummi ta duba da kyau, za ta ga ramin ya fi faɗi ta waje, ya tsuke ta ciki, gefensa sumul. Wannan alamar masu wannan aikin ce, dangin Natica. Su na 4 ɗin sunansu Donax, suna zama daidai inda igiyar ruwa ke wankewa ta koma. In ka tsaya a wurin za ka ga ruwa ya tone su, kafin ka ƙifta ido sun sake nitsewa.

Na 6 ba matacciyar ƙaguwa ba ce, saɓa ce. Shaida: ba nauyi, ba wari, kuma in ka ɗaga bayan zai buɗe ta baya, ciki wayam. Sulkenta ba ya girma da ita, sai ta fasa shi ta fice ta bar har da rigar idanu, ta ɓuya har sabon ya yi tauri. Juya cikin ka gani, in murfin da ke ƙasa siriri ne namiji ne, in mai faɗi ne mace ce, nan take riƙe ƙwai.

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Irin masu gudun nan ne da ke fitowa da magariba? Launin rairayi, ba ka ganinsu sai sun motsa. Yarana sun sha bin su da tocila ba su taɓa kama ko ɗaya ba.

Malam Hamadu: Ga alama su ne. Akwai iri biyu a gaɓar nan, ɗaya yana da ɗan tuntun gashi a ƙarshen kowane ido, Ocypode cursor. Ramukan da ake gani sama da inda ruwa ke kaiwa nasu ne. Suna cin mushe, suna kuma kama 'ya'yan kunkurun teku in sun ƙyanƙyashe suna neman ruwa.

Na 7, farin abin da ya manne a guntun katako, kowa zai rantse dangin katantanwa ne, amma ɗan'uwan ƙaguwa da jatan lande ne. Yana ƙarami yana iyo, sai ya manna kansa a dutse ko jikin jirgi, ya gina ɗaki, ya ƙare rayuwarsa yana miƙo ƙafafu yana sharo abinci. Darwin ya yi shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin su kaɗai. Na 8 kuma daga cikin jikin wata dabba ce 'yar'uwar dabbar tekun nan mai hannaye takwas mai feso tawada. Cike yake da ƙananan ɗakuna na iska, da shi take daidaita nitsewa da tasowa. Masu kiwon aku da kanari na sa shi a keji.

Mai Kaji (Gidar): Ku kuna ta lallaɓa su a auduga, ni buhu-buhu nake saye. Ɓawon da ake niƙawa a haɗa a abincin kaji masu ƙwai, ai irin wannan ne. Daga wajen Muwanko ake kawowa, ƙarshen kogin Sanaga, inda mutane ke nutso suna kwaso su, su ci naman su tara ɓawon tsibi-tsibi. In kaza ta rasa shi ƙwanta ya yi laushi. Baban Ummi in kun gaji da warin a turo min.

Malam Hamadu: Gaskiya ne, sinadarin ɓawon ƙwai da na katantanwa ɗaya ne, shi ne kuma na dutsen da ake yin siminti da shi a Figil kusa da kai. Wannan ya kawo mu wankewa. Kada a sa lemon tsami ko binegar, cinye ɓawon suke. Ummi ta ɗiga lemon tsami a kan wani fasasshe ta ga yadda zai yi kumfa, ta rubuta abin da ta gani. Masu ƙaguwa a ciki a zaro ta da lanƙwasasshiyar waya, ko a ajiye su bayan gida kusa da ramin tururuwa a kife kwando a kai, su za su yi aikin. Sauran a jiƙa a ruwa ana canzawa, sannan ruwan jabel, wato bilic, kashi ɗaya cikin goma na ɗan lokaci, a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. Ban da na 1, jabel na kashe masa sheƙi, ruwa da sabulu ya ishe shi.

Amma ina da magana da iyaye gaba ɗaya. In za a sake zuwa, a koya wa yara su duba kafin su jefa a bokiti. A ajiye abin a kan jiƙaƙƙen rairayi a ja da baya a jira kaɗan, mai rai zai fito da ƙafa. Mai murfi a baki shi ma yana da rai. Kuma ko wanda ba kowa ciki, a ɗauki biyu ko uku na kowane iri, ba bokiti ba. Ƙaguwar nan ba ta iya gina gida, wanda aka bari a gaɓa shi ne gidanta na gaba.

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Malam a nan kam ban bi ka ba. Wannan tausayin na Turawa ne. Kullum ta Allah ana dafa dubbansu a garin nan, Mai Kaji yana saye da buhu, jiragen kamun kifi suna share ƙasan teku da koma, sannan bokitin yarinya ne zai ƙarar da su? Tun da aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa ta Mboro a 2018 gaɓar da aka haƙe aka zuba duwatsu ta fi abin da duk yaran arewa za su tsinta har su tsufa.

Malam Hamadu: Ban ce bokitin Ummi zai ƙarar da teku ba, Alhaji. Amma a ƙarshen shekara mutum nawa ke sauka a wannan gaɓar? Kuma kowa wuri ɗaya yake zuwa, Lobe da Londji da gaban otal-otal. Sannan rabin abin da ke bokitin nan ƙarshensa bola ne a Garwa.

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Gobe da safe teku za ta kawo wasu. Ni nake ganin ta kullum.

Malam Goni (Kusiri): Ku duka kuna da gefe. Wanda ya kama don ya ci ko ya sayar, an halatta masa. Wanda ya bar mai rai ya mutu da ƙishi a aljihu ba don wani amfani ba, wannan ba tausayin Turawa ba ne ya hana, an hana mu mayar da mai rai abin wasa. Yara ba su da laifi, ba su sani ba. Na fanko kuwa ban san wani hani a kansa ba.

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Na mai rai na yarda. Na fanko a bar yara su kwasa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ƙoƙon kunkurun teku da wasu ke tallatawa a ɓoye. Doka ta hana, in jami'an gandun daji suka gan shi a kayanka a hanyar Edeya za ka yi bayani. Mai son ganin kunkuru ya je Eboje, kudu da nan ta hanyar Kampo, suna fitowa yin ƙwai da dare a irin wannan lokacin.

Maman Fadil (Pitowa): Tunda wasu na cewa baɗi su ma za su kai yara, bari in faɗi nawa. Akwai wani abu mai kama da leda mai ruwa-ruwa da teku ke jefowa gaɓa, wani fari wani shuɗi da dogayen zaruruwa. Ko ya mutu yana harbi. In ya taɓa yaro kada a murza, kada a zuba ruwan sha nan take, a wanke da ruwan teku a cire zaren da tsinke ko katin waya, sannan a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa kamar minti 20. In numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye. A kan duwatsu a sa takalmi saboda ƙayar bushiyar teku, karyewa take cikin tafin ƙafa. Katantanwa mai siffar mazurari mai kyawun zane, in da rai, kada a sa a aljihu, tana da dafi. Kuma don Allah wanda ya iya iyo a Binuwai kada ya ɗauka ya iya teku, akwai inda ruwan ke ja ciki.

Abin da ya fi damuna ma ba na Kiribi ba ne. Tsargiya ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Namu na gida ne matsala. Yaran da aka koya wa tsintar katantanwa za su dawo su shiga kududdufi da magudanan shinkafa na Lagdo suna nema, mu kuma mu gan su suna fitsarin jini.

Baban Ummi (Garwa): Wallahi kamar kin sani, tun jiya ƙanenta ke cewa a kai shi gindin gada ya nemo na Binuwai. Wace iri ce mai cutar?

Maman Fadil (Pitowa): Ƙanana ne, ba su kai kan babban yatsa ba. Ka riƙe ta tsinin yana sama bakin yana kallonka. Yawancin katantanwa bakinsu na dama, ita Bulinus mai kawo ta fitsari bakinta na hagu, ba ta da murfi. Ɗayar, Biomphalaria, a kwance take naɗe ba tsini, ita ke kawo ta hanji. Ba taɓa busasshen ɓawon ke sa cutar ba, ba kuma cin ta ba. Ƙwayar tana fitowa daga jikin katantanwar ta yi iyo, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. An fi samun su a ruwa mai kwanciya mai ciyayi. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 da ta Maga a 1979 irin wannan ruwan ya yawaita. Maganin na nan, praziquantel, ana ma rabawa a makarantu, amma yaro na iya sake kamuwa da ya koma ruwan.

Malam Hamadu: Ƙari kaɗan kada a rikice, akwai babba mai bakin hagu ita ma, Lanistes, amma tana da murfi, ba ita ba ce. Yaro ya tsinci busassu a kan rairayin da ruwa ya janye da rani, ba sai ya tsoma ƙafa ba. Kuma zai samu abin kallo. Akwai ƙumba manya, akwai wata da ke manne wa duwatsu a cikin kogi, Etheria elliptica, ba biyu da suke da siffa ɗaya don kowace tana bin yanayin dutsen da ta kama.

Hajiya Inna (Ngaundere): Ƙumba kam mun san ta. Da ita muke kankare ƙanzo a tukunya muna yara, cokali bai kai ta ba. Maza kuma su gyara koɗi su murza a ƙasa ana gasa. Wannan ba wanda ya ce a fitar daga gida.

Abakar (Njamena): Mu da ke nesa da teku muna raina abin da ke gabanmu. Tudun rairayin nan da ya miƙe daga Limani zuwa Yagwa, ya ci gaba ta Bama a Najeriya, tsohuwar gaɓar Tafkin Cadi ce. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963 da ake cewa ya cika bai wuce 25,000 ba. A arewacin Cadi, cikin hamada inda ba ɗigon ruwa, ana tsintar ɓawon katantanwar ruwa da ƙashin kifi a ƙasa. Ƙurar kwarin Bodele na can ma da ke tasowa da hunturu, yawancinta ragowar ƙananan halittun da suka rayu a ruwan nan ne. Wani masani Bafaranshe, Christian Lévêque, ya yi shekaru yana nazarin katantanwun tafkin tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy.

Taubashi Ɗanjuma: Wato hazon da ke sa mu tari ma tsarabar bakin ruwa ce. Baban Ummi da ka zauna a gida ka buɗe taga.

Maman Hanifa (Marwa): Mu muna shirin zuwa Limbe a hutun Ista in Allah ya yarda. Wane lokaci ya fi dacewa a fita da yara? Kuma da gaske rairayin can baƙi ne?

Alhaji Mai Soya (Kiribi): Baƙi ne, daga aman Dutsen Kamaru. Can duwatsu sun fi yawa, za ku ga masu mannewa a dutse fiye da na rairayi. Ku riƙe lema, ruwan sama ya fara a lokacin. Lokacin fita kuma sai teku ta janye. Tana cika sau biyu ta janye sau biyu tsakanin yini da dare, kullum kuma tana jinkirtawa da kusan minti 50. Ku tambayi masunta, ba sa kuskure.

Malam Hamadu: Mu masu lissafin wata abin ya zo mana da sauƙi. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne wajen tsayuwar wata da wajen sha huɗu zuwa sha shida, lokacin da jan wata da na rana suka haɗu a layi ɗaya. Ku fita awa guda kafin ta gama janyewa, ku duba kwarmin duwatsun da ruwa ya rage a ciki. Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake. Hoto kuma a ɗauki baya, a ɗauki baki, a ajiye tsabar kuɗi a gefe, a rubuta wuri da rana a 'yar takarda. Akwai manhajar iNaturalist, in aka ɗora hoton masana na taimakawa da suna. In kun bi ta Duwala ku nuna wa yara kogin Wuri, a nan 'yan Fotugal suka tarar da wani irin jatan lande ya cika ruwa a 1472, suka sa wa kogin sunansa, har ya bi ƙasar gaba ɗaya.

Baban Ummi (Garwa): Mun gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. An zaro ƙaguwoyin, wari ya ragu. Yanzu uwargida ta zazzage aljihun wandon ƙaramin za ta wanke, ga wani ya faɗo, ban sa masa lamba ba. Dogo ne sumul mai sheƙi, toka-toka, bakinsa tsaga ce doguwa. Na tura hoton.

Malam Hamadu: Wannan ma bayan ka ɗauka. Juya shi, ka matso da shi kusa da taga. Kada a sa masa jabel tukuna.